Ciyawar Ado Ta Hana Ka Zuwa Gida? Mu Leƙa Minjibir

Ga wani sabon kashi na shirin namu. Waɗanda data ba ta ishe su sauraro ba, to ga shi a rubuce.

Yau abu biyu za mu haɗa, waɗanda da farko za ku ga kamar babu abin da ya gama su. Na farko, koriyar ciyawar nan ta ado da ake shimfiɗawa a harabar sababbin gidaje. Na biyu kuma, tafiyar da iyali ke yi zuwa ƙauye gaida dangi. Abin da ya haɗa su shi ne ruwa. Akwai gidajen da in Sallah ta zo ba a iya rufe ƙofa a tafi gaba ɗaya, dole a bar mutum ɗaya, ko a yi kwana biyu a juyo, saboda in an kwana bakwai ba a ba ciyawa ruwa ba, an dawo an tarar da ita kamar an babbake. To tambayar ita ce, me za a sa a madadinta? Kuma amsar, abin mamaki, tana can inda ake son zuwa ɗin.

Bari mu fara da lissafi, don kada a ce hira ce kawai. Milimita 1 na ruwa a kan murabba'in mita 1 na ƙasa, lita 1 ke nan. A bazarar Kano, tsakanin Maris da Mayu, rana da iska suna iya janye milimita 5 ko fiye daga filin ciyawa a yini guda. Ɗauki ɗan fili mai tsawon mita 10 da faɗin mita 5, murabba'in mita 50 ke nan. Wannan filin yana son lita 250 kullum, wato jarka 10 mai lita 25. A wata guda jarka 300. Tafiyar kwana 10 kuwa, jarka 100 ce za ka bar wa wani ya ɗauka ya zuba. Ka tuna kuma damina a nan daga wajen Yuni ne zuwa Satumba, sauran watannin duk kai ne hadarin. Ko kana da rijiyar burtsatse, sai ka sayi man janareto ko ka jira wuta kafin ruwan ya hau tanki. Ga kuɗin mai yanka ta. Duk wannan a kan abin da ba a ci, ba a sayarwa, ko akuya ba a bari ta taɓa.

To daga ina muka samo wannan ado? Daga Turai. Masu sarauta da attajiran Ingila da Faransa ne suka mai da shi abin yayi shekaru ɗari uku da suka wuce, don a ga cewa suna da filin da ba sa buƙatar nomawa. A 1830 wani Bature a Ingila, Edwin Budding, ya ƙera injin yankan ciyawa, daga nan masu matsakaicin hali ma suka shiga. Amma fa can sama tana yayyafi kusan duk shekara. Mu muka ɗauko adon, muka baro ruwan saman a can.

Kuma ko a ƙasashen da suka fi mu kuɗi, masu ƙarancin ruwa sun fara ja da baya. A Las Begas ta jihar Nebada a Amurka, tun 1999 hukumar ruwa take biyan mutane kuɗi su tuge ciyawar gidajensu su sa tsirran da ke jure fari. A 2021 jihar ta yi dokar da za ta hana shayar da ciyawar da ba ta da wani amfani sai kallo da ruwan kogin Kolorado, a wuraren kasuwanci da gefen tituna. Ka ji fa, masu dala ma sun ga ba riba.

Yanzu mu tafi Minjibir. Ƙaramar hukuma ce a arewa maso gabashin birnin Kano, garin da aka daɗe da sani da saƙa. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutum 213,794 a fili mai murabba'in kilomita 416, wato sama da mutum 500 a kowane murabba'in kilomita. A karkara fa. Tana cikin yankin da ke kewaye da Kano wanda masanin nan Michael Mortimore, da ya koyar a Zariya da Kano, ya yi bincike a kansa, har shi da abokin aikinsa suka fitar da littafi a 1965. Abin da ya ja hankalin masana shi ne, mutane sun yi yawa, ana noma gona ɗaya kowace shekara ba a barinta ta huta, amma ƙasar ba ta mutu ba. Me ya riƙe ta?

Na farko taki. Ana ɗaure tumaki da awaki a gida da damina, a tara kashinsu da toka da shara, da rani a kwasa zuwa gona. A da jakuna kan kai itace birni, su dawo da mangalar taki. Na biyu haɗa shuka: gero ko dawa, a tsakaninsu wake ko gyaɗa, waɗanda ke ƙara wa ƙasa ƙarfi. Shi ya sa ma ba abin mamaki ba ne cibiyar binciken noma ta IITA ta kafa gonar gwajinta a Minjibir, kusa da Wasai, inda aka yi aiki sosai a kan irin wake. Na uku itatuwa a tsakiyar gona: kuka, ɗorawa, tsamiya, da kuma gawo. Gawo abin kallo ne. Da damina, lokacin da shuka ke son rana, sai ya zubar da ganyensa ya zama taki. Da rani, lokacin da dabba ke neman inuwa da abinci, sai ya yi kore ya ba da 'ya'ya.

Ciyawa ma a can tana da aikinta. Gamba tana tsare iyakar gona, a yanke ta a yi zana. Harawar wake da ta gyaɗa ana ɗaure ta a ɗora a kan bishiya ko rufin ɗaki, in rani ya yi nisa ta zama kuɗi. Ka ga bambancin: a ƙauye a yanki ciyawa a sayar, a birni a biya kuɗi a yanka a zubar. Ƙa'idar manomin Minjibir ɗaya ce, duk abin da ya tsaya a filinka, ya faɗi aikin da yake yi.

To mu kawo wannan ƙa'idar tsakar gida. Ta yaya ake cire ciyawar?

Akwai hanya uku. Ta farko, fartanya da shebur. A jiƙa ƙasar, a yanka ta falle-falle, a ɗaga har da saiwa. Amma in irin ƙiri-ƙiri ce ko aya-aya ta shiga ciki, a kula, don ɗan guntun saiwa da aka bari zai sake tofowa, sai an bi an tsince. Ta biyu, a bar rana ta yi aikin. A tsakiyar bazara a yanke ciyawar ƙasa-ƙasa, a ba ta ruwa sosai sau ɗaya, a rufe da farar leda mai nuna ciki, a danne gefunan da ƙasa, a bar ta sati huɗu zuwa shida. Zafin da ke taruwa a ƙarƙashi yana kashe ciyawar da yawancin irinta. Ta uku, a shimfiɗa kwali a kanta, a jiƙa, a zuba taki da busasshen ganye a sama. Rashin haske zai kashe ta, kwalin kuma ya ruɓe ya zama ƙasa.

Kada kuma a ce tunda an cire, bari a malale ko'ina da siminti. Siminti yana shan zafi da rana ya amayar da shi da dare, kuma yana kora ruwan sama waje zuwa kwata maimakon ya nutse a ƙasa. Ciyawar roba ma haka, da tsakar rana yaro ba ya iya taka ta ba takalmi.

Abin da ya fi shi ne a kasa filin uku. Kashi ɗaya na zama da wasan yara: yashi mai laushi ko daɓe, da 'yar hanya ta bulo ko tsakuwa. Kashi na biyu na inuwa: bishiya ɗaya ko biyu, gwaiba, lemun tsami, ko mangwaro in gidan da faɗi. Manyan itatuwa irin mangwaro da darbejiya a nisanta su da katanga da ramin masai, saboda saiwa. Kashi na uku na tukunya: zogale a jikin katanga, lalle a matsayin shinge, sai 'yan kunyoyi na alayyahu, rama, yakuwa da kuɓewa. Zogale cikin 'yan watanni ake fara tsinkar ganyensa, kuma in ya kama ƙasa ba ya neman ruwa kullum.

Lokaci ma yana da muhimmanci. A cire ciyawa da bazara, a dasa itatuwa a farkon damina, wajen Yuni ko Yuli. Kafin ruwa ya ɗauke saiwa ta nutse. Wanda ya dasa a watan Maris kuwa, ya ɗaura wa kansa ɗan goyo.

Wata magana a kan ruwan ban-ruwa. Ruwan alwala da na wanke shinkafa ko kayan miya, a tara a ba bishiya. Ruwan wanki mai omo da na kwata kuwa, kada su kusanci ganyen da za a ci. Mutanen Minjibir sun san wannan matsalar, don kogin Jakara yana kwaso dattin birni da na masana'antun Bompai har zuwa dam ɗin Wasai, kuma bincike ya sha nuna sinadarai masu cutarwa a ruwan.

To yanzu tafiya ta taso. A 'yan shekarun nan Sallah tana faɗowa a lokacin zafi: a 2025 Ƙaramar Sallah a ƙarshen Maris ta zo, Babba kuma a farkon Yuni, kuma kowace shekara suna matsowa da kwana 10 ko 11. Yaya za a bar shukar? A nemo tulu ko 'yar randa ta ƙasa, wadda ba a shafe ta da fenti ko siminti ba. A binne ta har wuya kusa da gindin shuka, a cika da ruwa, a rufe bakin don sauro. Ruwan zai riƙa tsattsafowa a hankali daidai inda saiwa take. A lulluɓe gindin da busasshiyar ciyawa ko ganye, a yi ban-ruwa mai yawa da yamma ana jibi ko gobe tafiya. Maimakon jarka 100, sai ka roƙi maƙwabci ya leƙo sau ɗaya ko biyu ya cika tuluna. Wannan alfarma ce da ba za ka ji nauyin nema ba.

Ita kanta tafiyar, ga 'yan abubuwa. A sanar da mutanen gida tun da wuri, kada a faɗo musu da mota cike da yara ba shiri. A tafi da abin dafawa, shinkafa, mai, sukari, sabulu, domin in rumbu ya yi ƙasa, baƙi goma nauyi ne ko da ba za a taɓa faɗa maka ba. A ɗauki gidan sauro da ruwan shan jarirai. A kama hanya da safe, a guji tafiyar dare. In an isa, a fara da manya, a bi gida-gida, kada a tsallake Gwaggo don gidanta yana can ƙarshen gari. Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take, ba su ce a waya ba.

Sannan kai matashi, ke matashiya, kada ziyarar ta ƙare a zaure ana neman inda sabis ya fi ƙarfi. Ka ce, "Baffa, don Allah gobe in za a gona a tafi da ni." Ki ce, "Inna, wane irin zogale ne wannan, a ɗan ba ni iri." Ka tambayi wa ya shuka gawon nan, wataƙila ka ji an ce ba wanda ya shuka shi, tsirowa ya yi aka ƙyale shi aka yi masa sassabe. Irin wannan dabarar ce manoman Maraɗi da Damagaram suka farfaɗo da ita tun shekarun 1980, suna kiranta sassaben zamani, har aka ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo a gonakin Nijar.

Akwai kuma abin da ya fi iri muhimmanci. Birni yana ta cin gonakin da ke kewaye da shi, filaye suna tsada, gonar gado kuma kullum ƙara rarrabuwa take. Tsofaffin da suka san cewa iyakarku daga tsamiyar can take zuwa layin gamba, ba za su dawwama ba. Yaron da bai taɓa taka gonar kakansa ba, ranar da rigima ta tashi ba shi da ta cewa. Don haka a je da yara, a zagaya da su, a nuna musu, tun masu nunawar suna raye.

In za a dawo, a bar wuri a but ɗin mota: buhun taki ruɓaɓɓe, irin zogale da na rama, tulu biyu ko uku. Su ne kayan aikin da za su maye gurbin ciyawar. Baɗi in an koma, sai a kai wa Inna busasshen zogalen da aka tsinka a gidan birni, ta ga irinta ya kama.

Nan za mu dakata a yau. Wanda ke da ciyawa a gida, ya auna filinsa ya yi lissafin jarkokin da kansa. Wanda ya daɗe bai je gida ba kuma, ya sa rana. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya, Ya bar zumunci. Sai mun haɗu a kashi na gaba.