Daƙiƙi ko Mai Disleksi? Tsarin Rubutu da Bambancin Ƙwaƙwalwa a Jami'a

Gabatarwa

A kusan kowane zauren karatu na jami'a akwai ɗalibin da ke ɗaure wa malamai kai. Idan aka yi tambaya da baki, shi ke fara ɗaga hannu, amsarsa kuma takan fi ta kowa tsari. Idan aka tattara takardun jarrabawa kuwa, tasa ce ta fi shan jan alƙalami: haruffa sun sauya wuri, ƙarshen kalmomi ya zube, lokaci ya cika bai kai ga tambayar ƙarshe ba. Tun daga firamare an riga an raɗa masa suna, ko daƙiƙi, ko malalaci, ko marar natsuwa. Suna kuwa linzami ne, inda ya ja mutum nan yakan nufa. Wannan maƙala tana duba abin da kimiyyar harshe ta gano game da irin wannan ɗalibi, da dalilin da ya sa harshen da aka koya masa karatu da shi ke ƙara masa nauyi ko ya rage.

Bambancin tsarin ƙwaƙwalwa

A shekarar 1998 wata masaniyar zamantakewa ƴar ƙasar Ostareliya, Judy Singer, ta yaɗa ra'ayin da za a iya kira da Hausa bambancin tsarin ƙwaƙwalwa. Ra'ayin yana cewa kamar yadda yatsun hannu ba su zama daidai ba, haka ƙwaƙwalen ƴan Adam suka bambanta wajen sarrafa sauti da lissafi da mayar da hankali da hulɗa da jama'a. A ƙarƙashinsa ake lissafa disleksi, wato wahalar karatu da rubutu da ake haihuwar mutum da ita, da otizim, da matsalar tattara hankali wuri guda; wasu masana kan haɗa har da in'ina. Ra'ayin bai musanta cewa akwai wahala ba. Abin da ya ƙara shi ne, girman wahalar ya danganta da yadda aka tsara makaranta da jarrabawa.

Disleksi ta fi kusa da fagen ɗaliban harshe. Wani likitan ido Bajamushe, Rudolf Berlin, shi ya ƙirƙiro kalmar a 1887. A 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya ba da labarin yaro ɗan shekara 14 mai suna Percy, wanda ke rubuta sunansa "Precy", alhali malaminsa ya shaida cewa da a ce da baki kaɗai ake koyarwa, da ya fi kowa a makarantar. A wancan zamani an zaci matsalar ta ido ce. Bincike na baya ya nuna cewa tushenta yana cikin tsarin sauti: wahalar rarraba kalma zuwa gaɓoɓi da ƙwayoyin sauti, da wahalar haɗa kowane sauti da harafinsa cikin sauri. Ba ta da alaƙa da ƙarancin basira. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne tana shafar kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na yara.

Rubutu mai sauƙi da rubutu mai sarƙaƙiya

Harsuna ba su yi daidai ba wajen dangantakar harafi da sauti. A Italiyanci, kusan kowane harafi sauti ɗaya yake wakilta. Faransanci kuwa yana da ƙwayoyin sauti kimanin 36, amma hanyoyin rubuta su sun haura 100. Wasalin /o/ kaɗai ana rubuta shi o, ô, au ko eau, wani lokaci da baƙin da ba a furtawa a ƙarshe, kamar a mot da chaud. Kalmomin ver, vers, vert da verre furucinsu ɗaya, rubutunsu huɗu.

A 2001 Eraldo Paulesu da abokan aikinsa suka wallafa bincike a mujallar Science, inda suka ɗauki hoton aikin ƙwaƙwalwar manya masu disleksi daga Italiya da Faransa da Ingila. Dukansu sun nuna raunin aiki a wuri guda na ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, amma ƴan Italiya sun fi sauran iya karatu. Halittar ɗaya ce, tsarin rubutu ne ya bambanta sakamakon. Wani binciken da Philip Seymour ya jagoranta a 2003 a ƙasashen Turai ya nuna cewa a ƙarshen shekarar farko ta makaranta, yaran Finlan da Girka da Italiya suna karanta kusan dukan kalmomin da aka ba su daidai, masu koyon Faransanci suna bayansu, masu koyon Ingilishi kuma su ne na ƙarshe da tazara mai yawa.

Halin da ɗan Nijar ke ciki

Yaron da ya taso da Hausa ko Zabarmanci ko Fulfulde ko Tamajak ko Barbarci, aka kuma fara koya masa karatu da Faransanci, kaya biyu ya ɗauka lokaci guda: sabon harshe da rubutu mai sarƙaƙiya. Idan mai disleksi ne, kayan sun zama uku. Ga shi kuma da wuya a gane shi, domin kurakuransa a dikte, wato shifta, sun yi kama da na duk yaron da bai ƙware a Faransanci ba. Da yawa daga cikin irin waɗannan yara sukan bar makaranta tun kafin bak. Wanda ya jure har ya shigo jami'a a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ya riga ya ƙirƙiro wa kansa dabaru: haddar darasi daga sauraro, tattaunawa da abokai, karanta shafi ɗaya sau uku. Wannan juriya ta cancanci yabo, kuma alama ce ta ƙwazo.

Koyarwa da harshen uwa, wadda aka fara gwajinta a Nijar da Hausa a Damagaram tun 1973, tana rage ɗaya daga cikin kayan, tunda rubutun boko na Hausa ya fi na Faransanci daidaito nesa ba kusa ba. Sai dai shi ma yana da nasa tarko. Ba a nuna tsawon wasali da karin sauti a rubutun yau da kullum, don haka gari na zama da gari na tuwo siffarsu ɗaya, haka fata ta jiki da fata na alheri. Haruffan b da ɓ da d da ɗ sun yi kama da juna ƙwarai. Idan kuma aka yi rubutu a waya babu ƙugiya, baki da baƙi na launi da baƙi masu ziyara duk sukan koma kalma ɗaya. Gwanin karatu yana warware wannan daga ma'anar jimla ba tare da ya lura ba. Mai disleksi kuwa, wanda ƙarfinsa ya riga ya tafi wajen haɗa haruffa, sai ya koma baya ya sake karantawa. Saboda haka kiyaye ƙugiya a rubutu taimako ne na zahiri ga wani mai karatu.

Abin da jami'a za ta iya yi

Nijar ta amince da Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Masu Naƙasa a 2008, sashe na 24 na yarjejeniyar kuma ya tanadi ilimi mai haɗa kowa a dukan matakai, har da jami'a. Yawancin matakan da ake buƙata ba su cin kuɗi mai yawa. A Faransa ana ƙara wa ɗalibin da aka tabbatar yana da irin wannan lalura sulusin lokacin jarrabawa. Malami na iya raba makin fahimta da makin ƙa'idojin rubutu, sai fa a darasin da ƙa'idojin su ne abin gwadawa. Ana iya ba da rubutaccen darasi tun kafin a shiga aji maimakon a dogara ga shifta, a kuma ƙyale ɗalibi ya naɗi muryar malami a waya. Mai otizim ko mai wahalar tattara hankali yakan amfana da ɗaki marar hayaniya da umarni bayyananne. Mai in'ina kuwa, a lokacin gabatar da aiki gaban aji, babban abin da yake buƙata shi ne a bar shi ya ƙarasa jimlarsa da kansa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke rage darajar digiri, domin ilimin da ake tambaya bai canza ba.

Kammalawa

Akwai aikin da ya rataya a wuyan ɗaliban kimiyyar harshe musamman. Sanannun gwaje-gwajen karatu, irin su Alouette na Faransa, an auna su ne da yaran da Faransanci ne harshensu na gida, don haka sakamakonsu a kan ɗan Tasawa ko ɗan Madawa abin taka-tsantsan ne. Gina gwaji da Hausa yana buƙatar wanda ya san tsarin gaɓar Hausa: jerin ƙirƙirarrun kalmomi marasa ma'ana kamar "nalufi", waɗanda ba a iya karanta su da hadda, da aikin cire sautin farko na kalma, da juya gaɓoɓi irin na zaurance, wanda ya yi kama da gwajin da ake yi wa manya a wasu ƙasashe. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa batun kundin lisans ko masta. Sai kuma aikin samar da kalmomi. Muddin Hausa ba ta da sunan da jama'a suka sani na wannan hali, uwa da malamin firamare za su ci gaba da amfani da wanda ke hannunsu, wato daƙiƙi, yaron kuma zai girma yana amsa shi.