Yaƙi da Leda Yana Hannun Mai Saye

Daga Yamai zuwa Damagaram, babu garin da matafiyi zai shiga bai tarar da baƙar leda ta yi masa maraba ba. Tana rataye ga ƙaya, tana kwance cikin gonaki. Da damana takan toshe magudanan ruwa, sauro ya samu wurin hayayyafa. Da rani kuwa bisashe kan haɗiye ta don yunwa, ta dunƙule cikin tumbinsu, su rame har su mutu. Mahauta shaidu ne.

Matsalar ta game duniya. Kowace shekara ana ƙera roba fiye da tan miliyan 400, kuma fiye da kashi ɗaya cikin uku na ƙunshe kaya ne, a yi aiki da ita sau guda a yar. Abin da ake sake narkawa bai wuce kashi 9 cikin 100 na sharar ba.

Hukumomin ƙasarmu ba su yi shiru ba. Ran 5 ga watan Nuwamba na shekara ta 2014 aka kafa doka mai lamba 2014-63, wadda ta hana ƙerawa da shigowa da sayarwa da kuma yin aiki da leda marar kauri. Amma har yau leda na nan cikin kasuwanni. Dalili a fili yake: muddin mai saye na miƙa hannu, ɗan kasuwa ba zai rasa hanyar kawo ta ba.

A wasu ƙasashe, masu saye ne da kansu suka ɗaura ɗamara. A ƙasar Kenya, wani mai ɗaukar hoto na garin Nakuru, James Wakibia, ya yi ta nuna wa jama'a hotunan koguna cike da leda, yana neman a hana ta. Mutane da yawa suka mara masa baya. Ran 28 ga watan Agusta na 2017 hanin ya fara aiki, da horon da kan kai ɗaurin shekara 4. A ƙasar Ingila kuwa, cikin watan Maris na 2018, mutanen wani gari kusa da Biristol suka shiga babban kanti, suka biya kuɗin kayansu, sa'an nan suka kware ledojin suka bar wa masu kantin. Ba a jima ba aka kwaikwaye su a Beljik da Faransa.

A nan gida akwai wuya, gaskiya ne. Talaka yakan sayi mai da sukari da gishiri kaɗan-kaɗan, kowane a ƙulle cikin tasa leda, ga kuma ruwan sha na leda lokacin zafi. Sai dai maganin ba baƙo ba ne. Iyayenmu sun ci kasuwa da kwando da ƙwarya da kwalbar mai, ba su bar shara ba. In uwargida ta koma ga kwando, ta aiki yaro sayen koko da kwano, masu saƙar kaba za su samu ciniki, makiyayi ya tsira da akuyarsa.

Saboda haka ya kamata ƙungiyoyin mata da malaman yaƙi da jahilci da sarakunan kasuwa su shige gaba wajen wayar da kan jama'a. Ƴan duwan na tsaron iyaka, amma bakin kasuwa mai saye ne ke tsaronsa. Ranar da ya koyi cewa «bar ledarka, ga kwandona», ranar dokar 2014 za ta fara cika.