Rundunar da ke ƙarƙashin gadona

Shekara goma sha ɗaya na yi ina tara su, ban da matata babu wanda ya sani. Ni tela ne a Aboabo, nan Kumasi, na ba hamsin baya, har na yi jikoki. A ƙarƙashin gadona akwai akwatin ƙarfe irin wanda yara ke tafiya makarantar kwana da shi, kuma abin da ke ciki sojoji ne, ɗari uku da 'yan kai, wasu na roba, wasu na dalma. Mafi girmansu bai kai tsawon ɗan yatsana ba. Ranar da na fara buɗe baki na faɗa wa wani, sai da na yi ta kewaye-kewaye kamar wanda ya zo cin bashi.

Tushen abin kakana ne. Tsohon soja ne, cikin waɗanda Turawan Ingila suka kwasa daga Gold Coast zuwa Burma a yaƙin duniya na biyu, waɗanda mutanen nan ke kira Abongo. Abin da ya bari bai taka kara ya karya ba: lambar yabo biyu da hoto guda, baƙi da fari, yana tsaye ƙyam cikin kayan fareti. Ina yaro nakan dame shi da tambayar launin kayan, shi kuma ya riƙa ɗora yatsa a kan hoton yana faɗa mini: wannan jar dara ce mai tuntu, wannan falmaran ja ce mai bakin rawaya, ɗamarar ma ja, gajeren wandon kaki. A bakinsa na fara jin cewa taken rundunarsu da Hausa yake, Kullum Shiri, kuma a da Hausa ce harshen bariki, ko da yake da yawa daga cikin sojojin Mosi ne da Gurunshi da Dagomba da Farafara. Muddin mutum ya sa kakin, sai a ce Bahaushe ne.

Shekaru da yawa bayan rasuwarsa, wata Asabar na shiga kasuwar Kejetia neman zif da maɓallai, sai na ratsa ta wajen masu gwanjo, abin da a nan muke kira obroni wawu. Wata mata ta zazzage buhun kayan wasan yara a kan leda, motoci ba taya, 'yan tsana ba hannu. A tsakiyar tarkacen na hango wani ɗan koren soja, ya durƙusa da gwiwa ɗaya yana auna bindiga. Na ɗauka na tambayi kuɗinsa. Ta ce, na yaronka ne? Na ce e. Ƙaryar farko ke nan, kuma na daɗe ina maimaita ta a kasuwar nan.

Sai da waya mai intanet ta zo hannu na gane ashe ba ni kaɗai ke da wannan ciwo ba. A Turai tsohuwar sana'a ce. Jamusawa ne suka daɗe suna riƙe da kasuwar, har 1893, lokacin da wani kamfani na Landan mai suna Britains ya ɓullo da dabarar zuba narkakkiyar dalma a mazubi a tsiyaye ta tun cikin bai daskare ba. Sai sojan ya fito da rami a cikinsa, dalma kaɗan, kuɗi kaɗan. Tsawonsa milimita 54, kuma har yau shi ne awon da masu tarawa suka fi sani. A 1966 kamfanin ya daina yin na dalmar, saboda guba ce ga yaran da ke sa su a baki, roba ta maye gurbi. Tsofaffin na dalmar nan su ne manya ke farauta yanzu, kuma ƙa'idarsu ta ba ni mamaki: soja mai tsohon fentinsa na asali, ko ya ƙoƙe, ya fi wanda aka sabunta daraja, in kuwa yana cikin kwalinsa na farko to magana ta ƙare.

Masu abin kuma ba ƙananan mutane ba ne. Winston Churchill yana yaro yana da kusan 1,500, kuma shi da kansa ya ba da labarin cewa ranar da mahaifinsa ya zo ya duba jerinsu ne ya tambaye shi ko zai shiga soja. Marubuci H. G. Wells ya wallafa littafi a 1913 mai suna Little Wars, ƙa'idojin yadda dattawa za su zube a ƙasa su gwabza yaƙi da sojojin wasa. Attajirin Amurka Malcolm Forbes kuwa gidan tarihi guda ya buɗe wa nasa a Tanja ta ƙasar Maroko, sun haura dubu ɗari. Shi ya ba su fada a bakin teku, ni na ba nawa ƙarƙashin gado. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Na dalma guda tara kacal gare ni. Sauran duk robar gwanjo ce, kuma ba na barinsu yadda suka zo. Yawanci sojan Amurka ne ko na Jamus, da hular kwano. Sai dare ya yi, na rufe shago, in ɗauki sabuwar reza in sare hular. In yanko guntun bututun biro, tsawon ƙwayar shinkafa, in manna a kan da gam, in toshe samansa, in liƙa silin zare ya zama tuntu. In kankare wandon daga gwiwa ya koma gajere. Fenti kuwa ragowar na masu feshin mota ne, wani abokina a Suame Magazine ke ɗura mini a kwalaben magani, bai taɓa tambayata me nake yi da shi ba, ni ma ban taɓa faɗa ba. Bakin rawayan falmaran ba ya yiwuwa da burushi, da tsinken sakace nake ja, ina riƙe numfashi. Soja ɗaya kan ci mini dare uku. Akwai wanda na fi ji da shi, na sa masa suna Alhaji Grunshi, sunan sojan Gold Coast da tarihi ya ce shi ya fara harba harsashi a ɓangaren Ingila a yaƙin duniya na ɗaya, a Togo, cikin Agustan 1914.

To me ya sa nake ɓoyewa? Mai irin wannan sha'awa abu biyu yake tsoro, bakin manya da hannun yara, kuma bakin ya fi ciwo.

A Zongo namiji yana iya kiwon tattabaru ya wuni yana kallon sama, ba mai cewa uffan. Yana iya dawowa daga filin ƙwallo na Baba Yara ya ƙi cin tuwo don an ci Kotoko, a ce ai so ne. Amma a ga mai furfura da 'yar tsana a hannu, sai a ce girma ya faɗi. Ƙato da kai, me za ka gaya wa surukanka? Ni da nake ɗinka wa limamai da alhazai riguna, na san abin da kalma ɗaya a majalisar shayi za ta iya yi wa shagona.

Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne ya faru. Gidanmu gidan haya ne, ɗaki goma sha biyu, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. Wata rana da hantsi na jera guda ashirin a faranti na ajiye bakin taga fenti ya bushe, iska ta ɗaga labule, wata maƙwabciya ta gani. Kafin la'asar labari ya zaga cewa tela yana da ƙananan mutane jajaye a ɗaki, yana ba su abinci a faranti. Kafin Juma'a an ce sika duro ne, tsafin kuɗi. Ni da ake bina kuɗin haya na wata biyu! Mata biyu suka aiko a karɓar musu yadinsu ba a ɗinka ba.

Matata ce ta yanke shawara. Ta ce, "Maigida, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Fito da akwatin nan." Bayan sallar isha na jawo shi tsakar gida, na buɗe a ƙarƙashin fitila, na ɗora hoton kakana a kan murfin. Aka yi tsit. Can sai wani tsoho ɗan Mosi da ke ɗakin ƙarshe, wanda sai a yi mako ba a ji muryarsa ba, ya sunkuya ya ɗauki ɗaya ya kai kusa da idonsa. Ya ce, "Ɗamarar nan ta yi faɗi. Ta babana ba ta kai haka ba." Daren nan har sha biyu yana ba mu labarin yadda uban nasa ya dawo daga Burma ya tarar da alkawuran Turawa duk iska ne, da yadda aka harbe tsofaffin sojoji uku a Accra ranar 28 ga Fabrairu 1948, suna kan hanyar kai kukansu ga gwamna. Shekara takwas muna gida ɗaya, ban san ɗan soja ba ne. Maƙwabciyar tawa dai ba ta ba ni haƙuri ba, amma da safe ta aiko mana da koko da ƙosai.

Maganar addini ita ce ba ta warware da sauƙi haka ba, kuma ba zan yi wa mai karatu ƙarya in ce ta warware ba. Na je wurin malamin da nake ɗaukar karatu a gabansa, na ce, "Allah gafarta Malam, ga abin da nake ciki." Bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya ce ya tabbata Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da 'yan tsana, har da wani doki mai fukafukai, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gani bai hana ba. Daga nan malamai suka yi rangwame ga kayan wasan yara. Amma ni ba yaro ba ne, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya surar mai rai da ke da jiki da inuwa, gaɓoɓinta cikakku, haramun ce, sai in an rage mata abin da ba a rayuwa sai da shi. Na ce, wato kai. Ya ce, kai ka faɗa. Na dawo gida na ɗauki reza na dubi Alhaji Grunshi, na mayar da rezar. Abin da na iya shi ne ba na kafa su a kan kanta don ado, ba na salla suna waje, akwatin yawanci a rufe. Na san wannan ba fatawa ba ce, dabarar mai rauni ce, ina kuma roƙon Allah gafara. Wanda ya ce mini kuskure nake yi ba na jayayya da shi.

Mutumin da na fi jin nauyin nuna wa, abin mamaki, ba Musulmi ba ne. Wani dattijo ne Ba'asante da nake saro yadi a wurinsa a Adum, kusa da tsohon sansanin da Turawa suka gina a 1897, wanda yanzu gidan tarihin sojojin Ghana ne. Duk ɗan Kumasi ya san abin da ya faru a wurin. A Maris na 1900 Gwamna Hodgson ya nemi a kawo masa Kujerar Zinariya, Yaa Asantewaa ta Ejisu ta tayar da yaƙi, aka yi wa sansanin ƙawanya har Yuli. Waɗanda suka tsare wa Bature bango suna harbin Asantawa, yawancinsu sojojin da ake kira Hausawa ne, magabatan rundunar da nake zaune ina yi wa fenti. Sojan wasa a hannun ɗan Landan abin wasa ne kawai. A hannuna, a garin nan, yana da nauyin da ya fi haka.

Duk da haka na kai masa guda shida a gwangwanin madara. Na ce, "Opanyin, ga wani shirme nawa." Ya jera su a kan teburin awon yadi, ya daɗe yana kallo. Sai ya jawo aljihun tebur ya fito da wani ƙullin tsumma. Ciki ɗan mutum ne na tagulla riƙe da bindiga, irin ma'aunan da Asantawa ke auna garin zinariya da su a da, abrammuo, waɗanda ake sassaƙawa da kakin zuma a lulluɓe da yumɓu, a narkar da kakin a zuba tagulla a gurbinsa. Gadonsa ne daga kawunsa, kamar yadda suke gado ta wajen uwa. Ya ajiye shi yana fuskantar nawa, ya kira ni da sunan da suke kiran Musulmi, ya ce, "Kramo, naka sun fi yawa, amma nawa ya fi nauyi." Muka yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki sosai ba. Sannan ya ce 'ya'yansa sun sha matsa masa ya sayar wa Turawa masu yawon buɗe ido, don haka shi ma ɓoyewa yake yi.

Hannun yara kuwa na samo masa magani. Na ware guda arba'in marasa fenti a bokiti, na jikokina ne da yaran gida, su karya su tauna su binne a yashi. Na akwati sai ranar Lahadi da yamma, a kan tabarma, kowa ya harɗe hannu a baya. Babbar jikata, mai shekara tara, ita kaɗai na yarda ta riƙe tsinken fenti, don hannunta ya fi nawa tsayuwa yanzu.

A Kejetia na daina cewa na yarona ne. Matar nan ta gwanjo tana ware mini su a leda, tana kirana Kwamanda, kuma ta ƙara kuɗi.

Roƙona ga mutanen Zongo, daga Sabon Zongo zuwa Asawase da Yalwa da Sawaba: duk wanda ke da hoton kakansa ko mahaifinsa cikin kayan soja, ya fito da shi daga ƙasan adaka tun gara ba ta cinye ba, ya ɗauke shi da waya, ya rubuta sunan mai hoton a baya. In kuma akwai wanda hoton nasa ya nuna ɗamarar sosai, ina nema, domin tsohon nan na gidanmu har yau cewa yake tawa ta yi faɗi.