Makarantar Zane ta Zariya

Sashen koyon zane da sassaƙa na Jami'ar Ahmadu Bello ya girmi jami'ar kanta. A Ibadan aka fara shi, sa'an nan aka kawo shi Zariya a 1955, yana ƙarƙashin Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya. Jami'ar kuwa sai a 1962 aka kafa ta, ta gaji kwalejin.

Malaman farko galibinsu Turawan Ingila ne. Abin da aka koya musu a gida, shi suke koyarwa, watau yadda za a auna jikin mutum, da yadda za a nuna haske da inuwa, da tarihin gwanayen zane na Turai. Ilmi ne mai amfani, ba shakka. Amma zanen bangon gida, da aikin wuyan riga, da na dukawa, waɗanda ke nan birnin Zariya kusa da makarantar, ba su da wani matsayi a cikin darasi.

To, a 1958, ana saura shekara biyu a sami mulkin kai, sai waɗansu ɗalibai suka kafa ƙungiya tasu. Cikinsu akwai Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo. Daga baya aka yi musu laƙabi da 'Yan Tawayen Zariya, ko da yake sunan ya yi musu yawa, gama ba su fasa shiga aji ba. Abin da suka ce shi ne, a karɓi fenti da dabarun Turawa, amma kowa ya koma ya nemi abin da zai zana a wurin mutanensa. Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, ya koma ga uli, watau zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango. Onobrakpeya kuma ya ɗauki tatsuniyoyin Urhobo.

Abin lura, yawancinsu 'yan Kudu ne. Zariya ce ta haɗa su.

Ƙungiyar ba ta daɗe ba, a 1961 ta watse, sa'ad da manyanta suka gama karatu. Grillo ya shekara da yawa yana shugabancin sashen zane a kwalejin Yaba ta Ikko. Okeke kuwa bayan yaƙin basasa ya riƙe na Jami'ar Nsukka, inda ya sa uli cikin abin da ake koya wa ɗalibai.