Rumbun fayil a gida: yadda ake zaɓen akwatin da zai jure zafi da ƙurar ƙasarmu

Duk wanda ya taɓa zama a shagon masu ɗaukar hoton biki a Maradi ko Damagaram ya san wannan tashin hankali. Amarya ta dawo bayan shekara biyu tana neman bidiyon ɗaurin aurenta, a jona faifan ajiya, sai ya yi ta ƙara kamar agogo, ya ƙi buɗewa. Aiki ya tafi, amana ta tafi. Haka abin yake a gidaje: hotunan suna, takardun fili, muryar tsohon da ya riga mu gidan gaskiya, duk suna cikin salula guda da za ta iya faɗawa ruwa gobe.

Wannan ne ya sa wasu matasa masu sha'awar kwamfuta ke haɗa ƙaramar saba ta gida, wato kwamfutar da ba ta da aiki sai ajiye fayil da rarraba su ga wayoyi da kwamfutocin gidan. Masu sana'ar na kiranta NAS. Manhajoji irin su TrueNAS da OpenMediaVault kyauta ne. Inda ake yawan yin tuntuɓe shi ne wurin da ake rainawa: akwatin da za a zuba kayan a ciki.

A fara da ƙidayar faifai

Kafin a duba kyau ko ƙanƙanta, tambayar farko ita ce faifai nawa za a saka. Mafi ƙaranci biyu ne, ɗaya na kwafar ɗan'uwansa, tsarin da ake kira RAID 1. Idan ɗaya ya mutu, ɗayan na nan. Mai ɗaukar bidiyo, wanda aikin sa'a guda ke cinye masa gomman giga, gara ya nemi akwati mai gurbi huɗu zuwa shida, ko da biyu kawai zai cika a bana.

A nan ne tsofaffin kwamfutocin ofis ƴan sirara, irin waɗanda ake samu da arha a kasuwa, ke gazawa. Yawancinsu babban faifai guda mai inci 3.5 kawai suke ɗauka. Tsayayyar mai faɗi ta fi su amfani, domin takan ɗauki biyu ko fiye.

Ƙananan akwatuna an gina su ne bisa ma'aunin allon Mini-ITX, mai santimita 17 a kowane gefe, wanda kamfanin VIA ya fito da shi a 2001. Irin wannan allo gurbin ƙarin kati guda gare shi, kuma wuraren jona faifai na SATA ba sa cika wuce huɗu. Wanda ya sayi akwati mai gurbi shida bai duba allonsa ba zai tarar da gurabe biyu babu inda zai jona su, sai ya ƙara sayen kati.

Biyu da aka fi ambata

Node 304 na kamfanin Fractal Design bai kai lita 20 ba, amma yana ɗaukar manyan faifai shida. Yana da fanka biyu a gaba masu hura iska kai tsaye kan faifan, da babbar fanka a baya mai fitar da zafi. Babban alfanunsa a nan shi ne yana aiki da tukunyar wuta ta ATX, irin wadda kowane mai gyaran kwamfuta ke da ita a shago.

Jonsbo N2 kuwa yana ɗaukar biyar, kuma ana zaro faifai daga gaba kamar aljihun tebur, ba sai an kwance komai ba. Sai dai yana buƙatar ƙaramar tukunyar wuta ta SFX. Ranar da ta ƙone, mai yiwuwa sai an yi saƙo Yamai ko Kano, saba na kwance har kayan su iso.

Zafi da ƙura

Masu gwada waɗannan akwatuna a YouTube yawanci a ɗaki mai sanyi suke, a Turai ko Amurka. A Tawa ko Birnin Ƙonni, a watan Afrilu da Mayu, zafi na wuce digiri 40. Masu ƙera faifai kan sa iyakar aikinsu wajen digiri 60 zuwa 65, kuma faifan da ke juyawa dare da rana yana ƙara nasa zafin kan na ɗakin. Idan aka cusa biyar a matse babu iska mai ratsa tsakaninsu, tazarar da ta rage kaɗan ce. Don haka kowane faifai ya samu sarari sama da ƙasa, fanka kuma ta fuskance su. Babbar fanka mai milimita 120 ko 140 ta fi ƙarama tura iska, ta kuma fi ta shiru, abin da mai kwana ɗaki ɗaya da na'urar zai yaba.

Da hunturu ya shigo sai matsalar ta koma ƙura. Akwati na gari yana da raga mai tace iska wadda ake cirewa a wanke. Dabara ita ce iskar da fankoki ke shigarwa ta fi wadda suke fitarwa, ta yadda ƙura ba za ta sulale ta ramukan da babu raga ba. Kada a ajiye shi a ƙasa, kada a rufe shi cikin kabad. Manomi ma ba ya kafa rumbu a kan turɓaya, sai ya ɗora shi bisa duwatsu.

Wuta

Kowa na tuna yadda aka sha duhu bayan Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar a watan Agustan 2023. Ko a lokacin lafiya, ɗaukewar wutar Nigelec a bazara ba baƙon abu ba ne. Yankewar wuta ana tsakar rubutu na iya lalata fayil, saboda haka na'urar riƙe wuta ta UPS wajibi ce. Faifai guda na cin wat 5 zuwa 8 yana aiki, amma yakan ja kusan 20 lokacin tashi. Ƙarancin faifai na nufin ƙarancin zafi da daɗewar batir, musamman ga mai amfani da sola.

Ga ƴan ci-rani

Sau da yawa ɗan'uwa da ke Faransa, Dubai ko Sin ake roƙo ya taho da kayan. Kafin ya saya, a tura masa sunan allon, tsayin abin sanyaya firosesa, da nau'in tukunyar wuta, domin akwatin da bai dace ba ba ya komuwa. Akwatin na iya shiga babbar jaka, amma faifai a riƙe su a jakar hannu, domin ba sa son jijjiga.

Sannan a tuna: faifai biyu a akwati guda ba sa tsira daga ɓarawo, gobara ko tsawa. Abin da ba shi da madadi, a kwafe shi a wani faifan a kai gidan ɗan'uwa. Ranar da amarya ta dawo, abin da za ta tambaya shi ne ko bidiyonta na nan.