Wa Zai Gano Yaro Mai Hazaƙa A Disina?

Mutanen ƙasar Katagum da ke neman abinci a Kudu, tun daga masu harkar shanu a Agege da 'yan goro a Shagamu har zuwa masu gadi da 'yan dako a Ikko da Badun, ba su cika yin sakaci da gida ba. In damina ta kama su aika da kuɗin taki, in an yi haihuwa su aika da na rago, in an buga waya su tambayi ruwa da farashin gero. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne labarin yaron nan da ake cewa yana da kai, wanda ya fi 'yan ajinsu saurin gane karatu, watau me makaranta take yi da shi. A da wannan tambaya tana da amsa. Yanzu amsar ta sake, kuma garin Disina, wanda ke cikin Ƙaramar Hukumar Shira ta Jihar Bauchi, ya isa misali ga kowane gari irinsa da ke nesa da hedkwata.

A zamanin En'e makarantun boko kaɗan ne, yaran cikinsu ma kaɗan ne, har sai dagaci da hakimi sun matsa kafin a cika aji, domin iyaye da yawa ɓoye 'ya'yansu suke yi. Amma ƙarancin nan yana da wani amfani da ba a yi nufinsa ba. Malamin elementare ya san kowane yaro da sunansa da gidansu, ya kuma san wanda lissafi ke yi wa sauƙi. In an gama aji huɗu sai a yi jarrabawa, wanda ya ci a ɗauke shi zuwa Midil a Bauchi, hedkwatar lardi, En'e ta ciyar da shi ta yi masa sutura. Daga Midil zakarun su wuce Kwalejin Katsina. Ta wannan tsani Abubakar Tafawa Ɓalewa ya hau, ya yi karatu a Katsina daga 1928 zuwa 1933, ya komo ya koyar a Midil ɗin Bauchi, inda daga baya Malam Aminu Kano ya same shi. Allah ya jiƙansu.

Kada a ɗauka tsarin nan adalci ne. Tsanin siriri ne ƙwarai, masu basira da yawa ba su taɓa taka ƙofar aji ba, 'yan mata kuwa kusan ba a zancensu. Sai dai wanda ya shiga, in har yana da kai, akwai idon da ke kallonsa, akwai kuma hukumar da ke jiran ta ɗauki nauyinsa ba tare da ubansa ya san sunan takarda ko ɗaya ba.

Ko bayan da aka sake tsari, aka koma ƙaramar firamare da babba, hedimasta yana da wasu dabaru a hannunsa. Babbar cikinsu ita ce tsallaken aji: yaron da aka ga karatun aji biyu ya yi masa kaɗan sai a kai shi aji huɗu. Akwai kuma ba shi littattafan da suka fi na ajinsu, da sa shi ya riƙa yi wa 'yan'uwansa bita, da tsayar da 'yan babban aji bayan an tashi a yi musu ƙarin darasi. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, domin makarantar allo tun fil azal haka take tafiya. Almajirin da ya iya karatunsa ya biya wa malam, ya wanke allo, a ƙara masa. Ba wanda zai ce ya dakata sai na kusa da shi ya iso. Shi ya sa tsangaya take fitar da gwanayenta ba tare da wani shiri na musamman ba.

Shekarar Da Aji Ya Cika

A watan Satumba na 1976, 'yan watanni bayan an kafa Jihar Bauchi, gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, wanda aka fi sani da UPE. An yi tsammanin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya a duk ƙasa, sai ga kimanin miliyan 3. Aka gina ajujuwa da gaggawa, aka horar da malamai da gaggawa. Ba mai hankalin da zai ce kuskure aka yi, domin a nan ne ɗan manomi da ɗan makiyayi suka sami gurbi. Amma malamin da yara suka cika masa ɗaki har bakin ƙofa ba shi da sukunin lura da wanda ya gama aikinsa tun da wuri ya zauna yana kallon taga. Hankalinsa yana kan na baya, kuma da gaskiyarsa.

Hukuma ba ta rasa sanin haka ba. Tsarin ilmi na ƙasa da aka fitar a 1977 ya ambaci yara masu baiwa cikin waɗanda ke bukatar kulawa ta musamman, tare da makafi da kurame. A 1986, lokacin da Farfesa Jibril Aminu yake Ministan Ilmi, aka zana cikakken shiri na yadda za a gano irin waɗannan yara a kuma renesu. A 1990 aka buɗe makarantar Gwamnatin Tarayya ta masu hazaƙa a Suleja, cikin Jihar Neja, aka tsara ta a kan gwamnati ce za ta ɗauki nauyin ɗalibanta.

To, a nan ne abin ya karkace. Makarantar Suleja sakandare ce, kuma guda ɗaya ce ga ƙasa baki ɗaya. Aikin gano yaro tun yana aji biyu ko uku, wanda shi ne tushe, an bar shi a kan makarantun firamare, alhali a daidai lokacin ne suke cikin mafi tsananin wuya. Shekarar 1986 ɗin ita ce ta shirin tsuke bakin aljihu na SAP. Albashin malamai ya riƙa makara, aka kafa hukumar firamare ta ƙasa a 1988, aka rushe ta a 1991, aka sake kafa ta a 1993. Malamin da bai san ranar albashi ba, in an tashi gona zai nufa ko kasuwa, ba ƙarin darasi ba. Sannu a hankali kuma aka rufe kwalejojin horon malamai masu ba da takardar daraja ta biyu, waɗanda duk da gazawarsu suna koya wa mutum riƙon aji tun yana saurayi.

Sa'an nan shirin UBE ya zo. An ƙaddamar da shi a Sakkwato a 1999, dokarsa ta fito a 2004, ya mai da karatun shekara tara haƙƙin kowane yaro, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Wannan ma ci gaba ne. Amma da hawa sakandare ya zama na kowa, sai abin da ke sa hedimasta ya tashi tsaye a kan zakarun ajinsa ya yi sanyi. A da sunansa ya dogara ne a kan yawan yaran da suka ci jarrabawar shiga kwaleji. Yanzu abin da aka fi tambayarsa shi ne yawan waɗanda ke cikin rajista. A takarda an ce malami ɗaya ga yara 35. Wanda ya leƙa makarantun karkara a ƙasar Katagum ya san inda takarda ta tsaya.

Yadda Ake Shiga Yanzu

Ƙofar ba a rufe take ba, wuri ta sake. Hukumar jarrabawa ta NECO, mai hedkwata a Minna, ita ke shirya jarrabawar shiga kwalejojin Gwamnatin Tarayya, waɗanda ɗaya daga cikinsu tana nan Azare, ita ce kuma ke shirya jarrabawa ta daban domin Suleja. Ana yin rajista ta intanet, a biya kuɗi, a sa hoto, a zaɓi wurin zama. Duk wannan ba wani abu ba ne ga ma'aikacin da ke Bauchi ko Azare. Ga manomin Disina kuwa, sai ya fara jin labarin cewa jarrabawar tana nan, sai ya san lokacin buɗewa da rufewa, sai ya sami mai kwamfuta, sai ya yi kuɗin mota zuwa wurin zama. A kowane mataki wasu suna zubewa, kuma ba don rashin basira ba.

Akwai kuma maganar harshe. Da Turanci ake yin tambayoyin, har da waɗanda aka ce na gwada kaifin hankali ne. Yaron da ya tashi da Hausa ko Fulatanci, wanda zai iya lissafa cinikin buhu goma da ka kafin babba ya nemo alƙalami, yana iya faɗuwa don bai gane kalma ɗaya a cikin tambaya ba. Makarantun kuɗi na birni kuwa suna shafe watanni suna bi da yara ta cikin tambayoyin shekarun baya. Saboda haka jarrabawar takan kama wanda aka shirya, ba lalle wanda Allah ya ba ba. Su biyun wani lokaci mutum ɗaya ne, wani lokaci kuwa ba haka ba.

Jihohi sun yi nasu ƙoƙari. Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu a 1977, kuma likitoci da injiniyoyin da suka fito daga cikinsu sun isa shaida cewa in an zaɓi yara aka kula da su, abin yana haifar da ɗa mai ido. Jigawa, a zamanin Gwamna Sule Lamido, ta gina wa 'ya'yanta makarantar masu hazaƙa a Bamaina ta ƙasar Birnin Kudu, ba nisa sosai da iyakar Shira da Gwaram. Bauchi ma ta ware wasu makarantun kwana a ƙarƙashin hukumar makarantu na musamman, ta sa jarrabawa a bakin ƙofarsu. Amma dukkansu sakandare ne. Kowa ya tsaya a bakin rumbu yana jiran hatsi, ba wanda ya je gona lokacin noman farko. Yaron da ya yi shekara shida ba a ƙara masa komai a kan abin da ya riga ya sani ba, kafin ya kai aji shida ya gaji, ko ya zama mai surutu a aji, ko ya gane cewa kasuwa ta fi makaranta biyan mai wayo.

Gardamar ba ta Nijeriya kaɗai ba ce. A birnin Niyok na Amurka an daɗe ana yi wa yara 'yan shekara huɗu jarrabawa domin shiga ajujuwan masu hazaƙa a makarantun gwamnati, har aka lura cewa 'ya'yan baƙaƙen fata da na talakawa ba su cika samu ba, domin masu hali suna biyan kuɗi a horar da nasu. A 2021 aka daina wannan jarrabawa, aka koma ga shaidar malaman da suka koyar da yaran, sa'an nan a yi ƙuri'a tsakanin waɗanda aka gabatar. Har a can ba a gama musu a kai ba, tun da malami ma ɗan Adam ne, yana iya son kai. Abin lura dai shi ne ƙasa mai arziki irin wannan ta komo ga idon malami, abin da elementaren ƙasar Katagum take da shi tun kafin a sami 'yancin kai.

Abin Da Ke Kusa

Komawa ga idon malami a Disina ba ya bukatar sabon gini. Kwalejin Ilmi ta Aminu Saleh tana Azare, tana kuma tura ɗalibanta koyon aikin koyarwa a makarantu. Jami'ar Sa'adu Zungur tana Gadau. Da za a riƙa koya wa masu shirin zama malamai alamomin yaro mai baiwa, da an rage asara, domin ba kullum ne mai zuwa na ɗaya ba. Sau da yawa shi ne mai yawan tambayar da ke ba malami haushi, ko mai warware lissafi ta hanyar da ba a koya masa ba, a ba shi sifiri don bai bi ƙa'ida ba. Awa ɗaya bayan tashi, sau biyu a mako, da akwatin littattafan Hausa da na Turanci, ba abin da zai gagari kwamitin kula da makaranta ba ne in ya sami mai tallafa masa.

A nan ne mazauna Kudu suke da abin da na gida ba su da shi. Suna zaune inda masu kwamfuta ke kowane lungu, inda maƙwabcinsu Bayarabe ya san ranar buɗe rajista kamar yadda ya san ranar kasuwa, inda littattafan tsofaffin tambayoyi ke jibge a bakin titi. Ƙungiyoyin 'yan gari da ke tara kuɗi domin kai gawa gida ko gyaran masallaci za su iya tambayar hedimasta sunayen yara uku ko huɗu da suka yi fice tun daga aji huɗu, ba sai aji shida ba, su biya malami ɗaya ɗan abin ƙarin darasi, su yi wa yaran rajista daga nan inda suke. In za a tambaya kuwa, a tambaya har da 'yan mata. Malamai da dama za su shaida cewa a ƙananan ajujuwa sau da yawa yarinya ce ke gaba, sai a kai aji biyar a neme ta a rasa, an ce tana talla ranar kasuwa, ko an fara zancen aurenta. Gwamnatin Tarayya tana da kwalejin 'yan mata a garin Bauchi, kuma jarrabawar shigarta ita ce dai wadda ake yi domin ta Azare.