Itacen turare da ƙananan tsirrai

Manoma da yawa sun lura cewa ciyawa ba ta cika fitowa a gindin itacen turare ba. Inuwa kaɗai ba ita ce dalili ba.

Turare baƙo ne, asalinsa daga ƙasar Ostiraliya. Ganyensa yana ɗauke da wani mai, shi ne ƙamshin da muke ji in mun murza shi. Idan ganyen ya zuba, ruwan sama ya jiƙa shi, sai man da wasu sinadarai su shiga ƙasa. Iri ya yi jinkirin tsirowa, wanda ya tsiro kuma saiwarsa ta gajarce. Tsiro mai gajeriyar saiwa ba ya jure ƙishi, ga shi turare mai shan ruwa ne ƙwarai.

Gawo namu ba haka yake ba. Da damina yake zubar da ganye, ganyen ya zama taki, hatsi ya yi kyau a gindinsa.

Ba mu ce a sare turare ba, domin yana ba mu itacen gini. Amma mu dasa shi nesa da gona da garka. Kada mu zuba ganyensa cikin ramin taki, ko cikin ƙasar da muke renon ƙananan itatuwa.